Labari Ɗaya, Siffa Huɗu: Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Koyi Rubutu, Zane, Sauti da Bidiyo

Ɗalibai da yawa kan fara wannan koyo ne ta ƙarshensa. Sai a cika waya da Canva da CapCut da PixelLab, a ƙarar da data wajen kallon darussa a YouTube, amma ranar miƙa aikin zango abin da malami zai gani shi ne fosta mai launi bakwai wadda ba a gane saƙonta, ko bidiyon da kiɗa ya danne muryar mai magana. Abin da aka tsallake shi ne labarin kansa, da tsarin da zai sa mai kallo ya kama shi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Shawararmu ita ce ka ɗauki labari guda, ka zauna a kansa zango ɗaya, ka fitar da shi a siffa huɗu: maƙala, fosta, sauti na minti uku, da bidiyo na minti biyu. Da yake labarin bai canja ba, za ka ga da idonka abin da kowace siffa take iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinta. Za mu yi misali da marinar Ƙofar Mata a Kano. Wanda yake Zariya ko Sakkwato ko Damagaram sai ya zaɓi abin da ke kusa da shi, maƙera ko majema ko kasuwar hatsi.

Kafin ka kunna kyamara

Rubuta labarin a jimla ɗaya, a takarda. "Tarihin rini a ƙasar Hausa" kan magana ne kawai, bai zama labari ba. "Yadda marini yake haɗa baba da toka da katsi a karofi, ya jira kwanaki kafin ruwan ya nuna" labari ne, domin akwai mutum, akwai aiki, akwai jira. A ƙarƙashinta rubuta wanda kake yi wa: ɗalibai 'yan uwanka da ba su taɓa zuwa marina ba, masu kallo a waya. Duk abin da za ka yanke nan gaba, daga girman harafi zuwa tsawon bidiyo, kan waɗannan layuka biyu zai dogara.

Zuwan farko ka je hannu sake. Ka yi sallama, ka nemi dattijon da ake ji wa magana a wurin, ka faɗi makarantarka, ka faɗi inda za a saka aikin. Mutum na iya yarda malaminka ya ga fuskarsa amma bai yarda da Facebook ba, kuma haƙƙinsa ne. Ranar ɗauka, ka naɗi amincewarsa da muryarsa a farkon hirar: "Baba, ka yarda in saka wannan a intanet?" Yaro ƙarami sai da izinin iyaye. Idan aikin zai kai ga shiga gida wurin mata, ɗaliba mace ce za ta yi wannan ɓangaren.

Rubutun ido da rubutun kunne

Fara da maƙala, kalmomi 600 zuwa 800. Sakin layi na farko ya faɗi abin da aka zo faɗi. Mai karatu a waya ba zai jira gabatarwar layi goma irin ta takardar jarrabawa ba. Sakin layi kada ya wuce jimla huɗu, kuma a sa ƙaramin kai bayan kowane sakin layi uku ko huɗu. Duk wata lamba ko shekara ka faɗi inda ka samo ta. Shekarar 1498 ce ake yawan ambata a matsayin lokacin kafa wannan marina. Idan daga bakin wani ka ji, rubuta "ana ambata" ko ka faɗi wanda ya gaya maka.

Daga nan sai ka sake rubuta labarin domin kunne, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. Mai sauraro ba ya iya komawa baya, don haka kowace jimla tunani ɗaya za ta ɗauka. Sunan mai magana ya zo kafin maganarsa. Doguwar lamba a taƙaita ta: "fiye da shekara ɗari biyar" ya fi shiga kunne. Karanta rubutun da ƙarfi, agogon waya na tafiya. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo, sai a raba ta. Lissafa kalmomin da ka karanta a minti ɗaya ka riƙe adadin, da shi za ka riƙa auna kowane rubutun murya.

Na bidiyo kuwa, raba takarda gida biyu, hagu abin da za a gani, dama abin da za a ji. A hagu: hannun marini yana ɗago zane daga karofi, zanen ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. A dama kada ka rubuta "ga marini yana ɗago zane", ido ya riga ya gani. Rubuta abin da ido ba zai sani ba: "Iska ce ke fito da launin, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa." Wani lokacin ma dama ta zauna babu komai, a bar ƙarar ruwan ta yi aikinta.

Haruffa masu lanƙwasa

Wannan matsala ce da darussan intanet ba sa taɓowa, kuma ita ce ke ɓata fostocin Hausa da yawa. Akasarin salon haruffa na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, balle manyansu. Idan ka rubuta su, ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko manhajar ta aro harafin daga wani salon, sai ka ga ƙ ɗaya siririya a tsakiyar kalma mai kauri. Wasu sai su gaji su cire lanƙwasar, "barka da zuwa baƙi" ya koma "baki". Kada ka yi haka.

Kafin ka zaɓi kowane salo, gwada shi da layi irin wannan: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, a siriri da mai kauri da karkatacce. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su, haka ma Charis da Andika da Gentium na SIL, kuma duk kyauta ne. Mai aiki da ajami ya duba Harmattan da Alkalami, su ma na SIL. Alkalami an zana shi ne bisa salon rubutun hannu na yankin Kano. A waya, ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, allon rubutu na Google. A rubutun Nijeriya an fi amfani da 'y, a Nijar kuma ƴ. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen aikin.

Salo biyu sun isa aiki ɗaya, girma uku sun isa shafi ɗaya: kai, ƙaramin kai, da jikin rubutu. Kai ya ninka jiki aƙalla sau biyu, don bambancin ya fito fili. A hoton waya mai faɗin fiksel 1080 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo), rubutun da bai kai fiksel 32 ba yana wahalar karantuwa. Dogon rubutu ya jingina hagu, layi ya ɗauki haruffa 45 zuwa 75, tazarar layuka ta zama ninki 1.2 zuwa 1.45 na girman harafin. Rubutun da aka tsakaita ya dace da kai ko gajeren layi. Sakin layi guda a tsakaice yana gajiyar da ido, saboda kowane layi a wuri daban yake farawa.

Tsarin shafi da launi

Saita girman aikin tun farko, domin canja shi daga baya yana wargaza komai. Na Instagram 1080 × 1350, na status ɗin WhatsApp 1080 × 1920, na fuskar bidiyon YouTube 1280 × 720. Na bugawa kuwa, A4 milimita 210 × 297 ce, wato fiksel 2480 × 3508 a ɗigo 300 kowane inci. A3 kuma 297 × 420, fiksel 3508 × 4961.

Zana fostar da fensir sau uku a ƙaramar takarda kafin ka buɗe manhaja. Abu ɗaya ne zai zama babba, ko hoto ko kai. A fostar marina, hoton hannun da shuni ya rine har gwiwa ya ci kashi biyu cikin uku na shafin, kai a ƙarƙashinsa, sannan rana da wuri da lokaci a dunƙule wuri guda. Abubuwan da ke tafiya tare su zauna kusa da juna, waɗanda ba su da alaƙa a raba su da fili. Bar gefe na fiksel 80 ko fiye a kowane ɓangare, kuma gefen hagu na duk rubutun ya hau layi ɗaya. Filin da ka bari babu komai shi ke sa a ga abin da ka saka. Kada ka cike shi da furanni da taurari.

Launi ka ɗebo shi daga hoton da kansa: shuɗi mai duhu na shuni, fari-fari na zanen da ba a rina ba, da ruwan ƙasa kaɗan. Ɗaya ya mamaye, na biyu ya tallafa, na uku a ajiye shi don abin da ake so ido ya faɗa a kai, kamar ranar taro. Tsakanin rubutu da bayansa a sami bambancin haske na 4.5 zuwa 1 ga ƙananan haruffa, 3 zuwa 1 ga manya. Wannan shi ne ma'aunin WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, kuma shafin WebAIM yana da wurin gwadawa kyauta. Rawaya a kan fari da ja a kan kore duk suna faɗuwa. Idan dole rubutu ya hau hoto, shimfiɗa baƙin mayafi mai shara-shara a ƙarƙashinsa.

Gwaji uku kafin ka ce ka gama. Ƙanƙantar da aikin har ya kai girman babban yatsa, ka ga ko kai yana karantuwa. Mayar da shi baƙi da fari, ka ga ko wani abu ya ɓace. Sannan ka fita da wayar cikin rana tsaka ka duba, don a nan mutane da yawa za su gan shi.

Idan akwai alƙaluma, jadawalin sanduna ya fi da'ira sauƙin fahimta, kuma sandunan su fara daga sifili, in ba haka ba ƙaramin bambanci zai zama kamar babba. Google Sheets ko Datawrapper sun wadatar.

Wurin masu bugawa

Fuskar waya da haske take haɗa launi, RGB ke nan. Injin bugawa kuma da tawada huɗu, CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai walƙiya ba sa fitowa a tawada yadda suke a waya, shuɗin ma yakan karkata zuwa shunayya. A aiki irin na marina wannan babbar asara ce, don haka a buga kwafi ɗaya ka gani kafin a buga hamsin. Idan launi ya kai bakin takarda, ƙara milimita 3 a kowane gefe domin yanka, kuma ka janye rubutu milimita 5 daga bakin.

Shagunan buga takardu da yawa da CorelDRAW suke aiki. Idan kwamfutarsu ba ta da salon haruffanka, za ta musanya shi da wani, lanƙwasar ta tafi. Maganinsa shi ne ka kai PDF, ko ka mayar da rubutun zane kafin ka fita: Ctrl+Q a CorelDRAW, Object to Path a Inkscape. Ajiye kwafin asali daban, saboda rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa. Kada ka tura aikin a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse shi ya dusashe. Tura shi a matsayin Document. Haka nan hoton da aka sauko da shi ƙarami daga intanet ba zai yi kyau a A3 ba komai aka yi masa, kuma in za ka ƙara girman hoto, ja shi ta kusurwa, kada fuskar mutum ta baje.

Sauti

Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da muryar da ba a ji. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga. Maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda mayafi ko wuyan riga ba zai riƙa gogarsa ba. In babu, wayar aboki ta zama rikoda, a riƙe ta santimita 15 zuwa 20 daga baki, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buga ta. Tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara da farawa. Wannan tafin ne zai nuna maka inda za ka daidaita sauti da hoto.

Sa wayar a yanayin jirgi. Kashe fanka, nisanci janareta, kuma ka duba lokacin kiran salla kafin ka tsara hira. Ɗakin kwanan ɗalibai mai katifa da labule ya fi ajin da babu kowa, domin bango da siminti suna dawo da amsa-kuwwa, ita kuwa da wuya take goguwa. Ɗauki daƙiƙa goma ka saurara da abin kunne kafin a shiga hirar sosai. A ƙarshe kowa ya yi shiru na daƙiƙa 20 ka naɗi sautin wurin, sannan ka naɗi sautin aikin daban: ruwan karofi, da bugun mabuga a kan zane.

A Audacity, manhajar gyaran sauti, saita sautin aikin bidiyo a 48 kHz. Ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin −12 da −6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti; in ta taɓa sifili ta fashe, ba ta gyaruwa. Don rage ƙara, zaɓi wancan shirun, shiga Noise Reduction, danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi dukan sautin ka aiwatar. Fara da 6 zuwa 12 dB. Idan ka zarce, muryar za ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wajen yanke hira, cire maimaici da tari, amma kada ka haɗa rabin jimla da wani rabin har mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Bidiyo

Yanke shawara tun daga gida: a tsaye domin TikTok da status, ko a kwance domin YouTube da allon aji. Wajen ingancin hoto, 1080p ya isa. 4K na cin wuri ninki biyu zuwa uku, yana zafafa waya, kuma ƙaramar kwamfuta ba ta iya jansa. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar 50 Hz ce, shi ya sa bidiyon da aka ɗauka a firem 30, wato hoto 30 kowace daƙiƙa, ƙarƙashin wasu fitilu yake fitowa da layuka masu rawa. Koma firem 25. Idan kyamarar wayarka ba ta da zaɓin, Open Camera kan ba da shi a wayoyin Android da yawa. Goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka, musamman lokacin hunturu. Ɗauki da hantsi ko bayan la'asar, rana ko taga tana bayanka tana haska fuskar mai magana. Danna fuskarsa a allon ka riƙe har haske da saiti su kulle.

A kowane aiki ɗauki hoto biyar: hannu a kusa, fuska a kusa, wurin gaba ɗaya daga nesa, ta bayan kafaɗar mai aikin, da ɗaya daga wata kusurwa ta daban, kamar daga bakin karofi ana kallon sama. Kowanne ka riƙe shi daƙiƙa goma cur ba motsi, gwiwar hannu a manne da jiki. Kada ka zuƙo da yatsa, taka ka matsa. Masu farawa kan dawo da dogon hoto ɗaya suna ta yawo da waya, sai a zo haɗawa a rasa abin yankawa.

Wajen haɗawa, jera muryar tukuna har labarin ya tsaya da ido a rufe, sannan ka lulluɓe ta da hotuna. Daƙiƙa uku na farko su nuna abu mafi jan ido, zanen nan da ke canja launi. Tambarin makaranta da jerin sunaye su koma ƙarshe. Yanka kai tsaye ya isa, bar juye-juye da walƙiya. Kiɗa ya sauka kimanin 20 dB ƙasa da murya. Rubutun ƙasan bidiyo layi biyu ne iyaka, kowanne haruffa 42 ko ƙasa, kuma na Hausa da hannu za ka rubuta ka duba. A bidiyon tsaye ka ɗaga shi sama kaɗan, don maɓallan manhaja suna rufe ƙasa da gefen dama. Fitar da shi MP4, H.264, a firem ɗin da ka ɗauka. CapCut ya isa a waya. A kwamfuta, DaVinci Resolve na son inji mai ƙarfi. Shotcut ko Kdenlive sun fi sauƙi ga tsohuwar laftof.

Kayan wasu, da ajiyar naka

Hoton da ka gani a Google yana da mai shi, waƙar da ke tashe ma haka, kuma YouTube na iya toshe bidiyo ko ya karkatar da kuɗin tallarsa saboda ita. Nemi hoto a Wikimedia Commons ko Pexels ko Unsplash, kiɗa kuma a ɗakin sauti na YouTube (Audio Library). Duba lasisin da ke jikin kowane aiki, wato sharuɗɗan amfani da shi: lasisin CC BY na buƙatar ka ambaci mai aikin. CC BY-SA ya ƙara da cewa abin da ka sarrafa daga gare shi ya fita da irin lasisin. Kowane hoton da ka ɗora a intanet ka rubuta masa bayanin jimla ɗaya a gurbin da aka tanada, domin makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Buɗe folda ɗaya mai ɗakuna huɗu: ɗanyen kaya, rubutu, aikin da ake kai, da wanda aka gama. Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata da lamba, kamar marina-fosta-03. Kwafi uku: kwamfuta, filashi, da Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta. Kwashe ɗanyen kayan a daren da ka ɗauko su, kuma da yanayin wutarmu, Ctrl+S ya zama ɗabi'ar yatsa.

Gyara da nunawa

Nuna aikin ga mutum uku da ba su san labarin ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Ba su fostar daƙiƙa biyar ka karɓe, ka tambayi abin da suka fara gani, da ranar taron. A bidiyo ka tambaya a ina suka so tsallakewa. Abin da biyu cikin uku suka yi tuntuɓe a kai, gyara shi ko da kana sonsa. Sannan ka koma marina ka nuna wa waɗanda ka ɗauka. Su ne za su gane in ka kira wani kayan aiki da sunan da ba nasa ba.

A zango mai mako goma sha biyu, ba bincike da maƙala mako uku, fosta biyu, sauti biyu, bidiyo uku, biyun ƙarshe kuma gyara da tattarawa. Ɗora ayyukan huɗu a shafi ɗaya a Behance ko Google Sites, kowanne da layi uku: wa aka yi wa, wane ɓangare ne naka in aikin rukuni ne, da abin da ka canja bayan gwaji. Ka ajiye zanen fensir na farko kusa da fostar da aka gama. Wannan adireshin shi za ka sa a takardar neman gurbin SIWES, shirin horon ɗalibai a wurin aiki, a gidan rediyo ko talabijin ko kamfanin talla, sannan zango mai zuwa ka ɗauki sabon labari, wannan karon ka fara da siffar da ta fi ba ka wuya.